Kaka Mai Banda da Riƙon da Ta Bayar

Ƙamshin banda ne ya tarbe ni tun daga bakin lungu ranar da Kaka ta rasu. Na sauko daga motar Sakkwato idanuna a kumbure, ina zaton zan tarar da gida ya yi tsit, sai ga hayaƙi mai daɗi yana tashi ta saman katanga kamar kullum. Matar babban wana ce ta ba ni labari daga baya. Da hantsi Kaka ta jera tarwaɗa a kan ragar duro, ta rufe da buhu, ta gyara itace, ta ce a kawo mata ruwa. Kafin ruwan ya iso ta jingina da bangon ɗakinta ta tafi. Babu jinya, babu kwanciya. Wutar kuwa ba wanda ya tuna da ita, sai ta ci gaba da aikinta.

Wata tsohuwa daga Boyekai, ƙawarta tun suna 'yan mata a bakin gulbi, ta shigo tana salati tana kuka. Tana tsakar gida ta tsaya cak, ta ɗaga hanci.

"Kai! Ta tahi ta bar kihi bisa wuta? Wanga ba halinta ba na!"

Ta ɗaure zane, ta nufi duron, ta shiga juya kifi tana hawaye tana yi wa mamaciya faɗa. Mata suka fashe da dariya, suka tuna inda suke, suka toshe baki da mayafi, dariyar ta ƙi tsayawa.

Ban taɓa ganin gidan makoki irin wannan ba. Mata suka yi ta kwararowa daga Rabah, daga Dinawa, daga Sisawa, kowace da nata labarin, kowace tana son a ji nata kafin na wata. Bafulatanar da ke kawo mata nono ta ce Kaka ce ta koya mata Hausa, kuma zagi ta fara koya mata don kada a cuce ta a kasuwa. Maƙwabciyarmu, wadda suka shekara da shekaru suna rigima a kan wata akuya mai cin kifi, ta zauna a bakin ƙofar ɗakin ta miƙe ƙafafu tana cewa, "To yanzu da wa za ni hwaɗa da sahe? Ku hwaɗa mani, da wa?" Aka yi ta ba ta haƙuri kamar ita ce 'yar mamaciya.

Ana cikin haka aka ji tsayuwar mota a waje. Surutu ya ragu. Na ji wata a bayana ta ce a hankali, "Ga na Goronyo nan."

"Ko shi shiga sahu yau?"

"Oho. Uwad da ka kare shi dai ta kwanta."

Wannan maganar ce ta sa na ɗauki alƙalami. Ina tsoron a tuna da Kaka a matsayin tsohuwa mai barkwanci da kifi mai daɗi kawai, a manta da abu mafi girma da ta yi, wanda ni ce aka yi shi da ni.

Kaka mahaifiyar babana ce. 'Ya'yanta maza biyu ne suka rayu. Babana shi ne babba, manomin albasa da tafarnuwa a fadamar Wurno, kuma shi ke jan salla a masallacin unguwa idan liman ba ya nan. Ƙanensa, wanda nake kira Baffa, ya yi karatu har aka tura shi wata ƙasa mai sanyi ya koyo aikin ruwa. Da ya dawo aka ba shi aikin kula da hanyoyin ban ruwa a ƙasan madatsar Goronyo. Ya dawo da ilimi, ya dawo da gemu mai kyau, ya dawo ba ya salla. Bai zagi kowa ba, bai ja gardama da kowa ba, ba a taɓa jin ya faɗi mummunar kalma a kan addini ba. Idan aka kira salla sai ya ci gaba da abin da yake yi, ko ya shige ɗaki. A ƙasarmu wannan ba ƙaramin abu ba ne, kuma ni ma ban ɗauke shi ƙarami ba.

Ita kuwa Kaka 'yar masunta ce, ta tashi a bakin Rima, ta yi aure a Wurno ta zo da sana'ar gidansu. Carbinta har ƙyalli yake yi saboda man kifin da ke yatsunta. Ba ta wuce Litinin da Alhamis ba tare da azumi ba sai da ƙarfinta ya ragu, kuma ko a lokacin sai da aka yi rigima da ita. Muryarta tana tsallake katanga uku. Idan ta yi guɗa a biki, jarirai su farka, tsofaffi su miƙe zaune. Tana tafiya da sauri kamar an kira ta wani wuri, tana magana da kaji, tana yi wa rediyo gardama idan ya faɗi abin da ba ta yarda da shi ba.

Tana da hanyarta ta sanin mutum, kuma ba ta ɓoye ta. "Ni ga akushi nika gane mutane," in ji ta. Idan baƙo ya zo sai ta sa a kai tuwo da kifi guda a kwano ɗaya, ta sami wurin leƙe. Akwai mai kai hannu tsakiyar kifin, wurin tsoka, ya bar wa abokin cinsa kai da ƙaya. Akwai mai juya kwanon a hankali har tsokar ta koma gaban na kusa da shi. Wani saurayi mai babbar riga ya taɓa zuwa neman ƙanwar babana, ya iya gaisuwa, ya iya jan aya, kowa ya yaba. Aka kai abinci zaure. Kaka ta dawo daga leƙenta tana kaɗa kai.

"Ya cinye tsakiya, ya bar ma abokinai wutsiya. Abokinai da yar raka shi tun daga Rabah! Ɗiyata ba ta cin wutsiya."

Aka yi ta roƙonta, ta ƙi. Goggon tawa har yau idan ta tuna sai ta yi dariya ta ce Allah ya saka wa kifin nan da alheri.

Rigimar ta tashi ne bayan wata ƙaramar salla da Baffa bai je idi ba, alhali yana cikin Wurno, a gidan uwarsa, kowa yana gani. Ina ƙarama lokacin, ina famfarar haƙora, amma ina zaune kusa da duron banda ina jiran a ba ni kan kifi, don haka na ji komai. Babana ya shigo da yamma fuskarsa a ɗaure, ya durƙusa ya gaishe ta, bai tashi ba.

"Inna, maganar ƙanena ta kawo ni."

"Ina jin ka." Ba ta daina juya kifi ba.

"Gari dut ya gani. Na yi mai nasiha ɓoye, na yi mai a sarari, ya yi shiru awa dutsi. Ni dai na yanke. Ba ni ƙara taka gidanai, ɗiyana ba su zuwa. Kuma ya kamata a sanad da iyayen matatai, su san inda ɗiyassu take."

"Matatai ta kawo ƙara?"

"Ba ta kawo ba."

"Ya buge ta? Ya bar ta da yunwa?"

"Inna, ba nan maganar take ba. Gidan da maigida ba shi kai goshi ƙasa, bisa mi shika tsayawa? Mutumin da ba shi tsoron hisabi, mi ka hana shi cin amana ran da ba kowa?"

Babana ba mugu ba ne, ina so a san wannan. Shi ya goyi Baffa, shi ya kai shi makarantar allo a kafaɗa. Tsoro ne ke magana a bakinsa, tsoron wuta ga ɗan uwansa da tsoron abin da zai biyo baya ga zuriya.

Kaka ta ɗaga wani kifi ta duba cikinsa, ta mayar. Sannan ta juyo ta nuna ni da itacen hannunta.

"Gobe a wanke ma takwarata kaya. Na ba shi ita riƙo."

Babana ya miƙe tsaye bai sani ba.

Wanda bai san al'adarmu ba zai ce ai ba wani abu ba ne, yara nawa ke tashi a gidan baffanninsu. Amma riƙo shaida ce. Ba a ba mutum ɗa sai an yarda da cinsa da shansa da bakinsa da abin da yake yi idan an rufe ƙofa. Kuma ni sunanta na ci, ita ta yanke mini cibi, kowa ya san ni ce 'yar ɗakinta. A gidanmu idan kaka ta yi magana a kan takwararta, uba ba ya tsallakewa. Abin da Kaka ta yi shi ne ta tsaya a gaban Wurno gaba ɗaya ta ce na yarda da wannan ɗa nawa, ga abin da na fi so a duniya na sa a hannunsa. Ta kuma ɗaure babana da igiyar da ba zai iya tsinkewa ba, domin mutum yana iya ƙaurace wa ƙanensa, amma ba ya ƙaurace wa gidan da 'yarsa take kwana.

"Inna, da ɗiyata za ki gwada?"

"Kai kac ce ba a san abin da shika yi ba ran da ba kowa. To ga kowa na kai mai."

Mahaifiyata ta yi kuka har muryarta ta dushe. Babana ya daɗe ba ya cin abincin da ya fito daga ɗakin Kaka. Ita kuwa ko a jikinta, a ganinmu.

Tafiyar nan ba zan manta da ita ba! Ita da kanta ta kai ni, a bayan wata mota da aka cika da buhunan albasa. Ta ɗaura sabon zane, ta sa mini kwalli har ya yi yawa, ta riƙe ƙullin kayana a cinya da kwandon kifi a ƙafa. Duk wanda ya hau motar sai ta sanar da shi. "Goronyo za ni, wajen ɗana mai aikin ruwa. Ɗiya za ni kai mai. Ka san shi? Dogo, mai gemu?" Ta raba wa fasinja kifi, ta yi wa direba faɗa a kan gudu, da ya rage kuma ta ce ko jaki ya fi shi. Da muka kusa, ta sa aka tsaya don in ga ruwan madatsa. Ni da ban taɓa ganin abin da ya fi gulbi ba, sai na ga kamar sama ce ta gaji ta sauko ta kwanta a ƙasa, da tsuntsayenta da komai. Na riƙe zanenta ina ihu, ita ma tana ihu tare da ni.

Baffa ya fito ƙofar gida ya gan mu da ƙullin kaya, ya gane. Fuskarsa ta canza.

"Inna, kin tabbata?"

"Karɓi. A hankali aka juya ta, ba ta son wuta da yawa."

A gidan nan na girma, kuma abin da na gani shi zan faɗa. Baffa ne ke tashina sallar asuba. Yakan ƙwanƙwasa ƙofa da yatsa biyu ya ce, "Uwata, an kira." Da sanyi shi ke ɗora mana ruwan alwala, ni da matarsa, sannan ya koma ya zauna da shayinsa da rediyonsa a ƙasa-ƙasa har mu idar. Shi ke kai ni islamiyya a babur, ya jira a gindin dalbejiya idan an kusa tashi. Idan ina hadda, matarsa ce ke riƙe Alƙur'ani, amma idan na yi tuntuɓe sai in ji muryarsa daga tsakar gida ta ɗora ni a kan hanya, domin abin da ya karanta yana yaro bai bar kansa ba. Ban taɓa jin ya ɗaga wa matarsa murya ba. Idan an kawo kifi shi ke zare mata ƙaya, su yi ta hira suna dariyar abin da ni ban gane ba. 'Ya'yansu da aka haifa a gabana ba su taɓa sanin ni ba 'yar cikin gidan ba ce sai da suka yi wayo.

Akwai shekarar da ruwa ya yi ƙaranci, manoma suna jiran layinsu kowa ransa a wuya. Wani mai faɗa a ji ya aiko da rago har gida, yana son a buɗe wa gonarsa ruwa kafin lokacinsa. Baffa ya ɗora ragon a babur da kansa, ya ɗaure shi a bayansa yana ta kuka, ya ratsa tsakiyar gari da rana tsaka ya mayar. Mutanen Goronyo sun daɗe suna ba da labarin injiniya da fasinjansa mai ƙaho.

Amma ba zan ce gidan babu ciwo ba. Duk ranar salla matar Baffa takan goge masa babbar riga ta rataye a ƙofar ɗaki, ba ta cewa komai. Mu tafi idi mu dawo, rigar tana nan inda take. Sai ta shiga ɗaki ta daɗe. Shi kuma ya bi ta ya zauna kusa da ita, su yi shiru tare. Yana da taurin kai irin na uwarsa, sai dai nasa ba ya magana. Na sha yin kuka a kan sallaya saboda shi, har yanzu ina yi.

Kaka kuwa ta mayar da kanta mai duba makaranta. Ba ta sanarwa, sai dai a ji muryarta daga bakin titi tana ciniki da mai babur. Ta shigo ta duba kitsona, ta duba farcena, ta leƙa tukunya, ta ce in karanta mata abin da aka biya mana. Ba ta iya bin rubutu ba, amma kunnenta ya san inda aka karkace. Daga nan ta koma Wurno ta tsaya a ƙofar zauren babana, inda dattawa ke zama, ta ba da rahoto da ƙarfi kamar mai shela. "Takwarata ta kai Tabaraka! Ta yi ƙiba! Ta iya gaisuwa ta hi naku!" Babana ya sunkuyar da kai yana jan carbi. Amma wata biyu ba ta cika ba aka gan shi a Goronyo, wai ya zo sayen irin albasa. Ya sha ruwa a tsaye ya tafi. Zuwa na gaba ya zauna. Na bayansa ya ci tuwo, kwano ɗaya da ƙanensa, ni kuma ina leƙe ta labule irin na Kaka, na ga kwanon yana ta juyawa tsakaninsu, kowa yana tura wa ɗan uwansa tsoka, har kifin ya huce.

Wata rana na tambaye ta. Tana tsefe mini kai, na ce, "Kaka, don mi Baffa ba shi salla?"

Hannunta ya tsaya kaɗan. "Ke kina yi?"

"Ina yi."

"To ki riƙa sa shi ciki." Ta ja gashina. "Tsaya da kyau, kai awa na ɗan tsako."

Sau ɗaya na ga an ci ta da magana, kuma babana ne ya ci ta. Ranar walimar saukata ce, an yi ta a Wurno, gida ya cika, Kaka ta yi guɗa har muryarta ta tafi. Da jama'a suka ragu ta dube shi tana murmushin nasara.

"To malam, gidan da ba shi tsayuwa ga abin da yah hitar."

Babana ya yi dariya, ya ce, "Na gode mai, Inna, har ga Allah. Amma ki bari in hwaɗi guda. Kirkin nan nashi naki na. Da Bismilla kika ba shi nono, da tsoron Allah kika yaye shi. Rumbun da kika cika shika ɗiba, kuma ba shi zuba komi ciki. Shi ya samu. Jikokinai fa, da jikokin jikokinai, in kowa yab bi hanyatai, mi za su taras?"

Kaka ta sunkuyar da kai. Ta duba tafin hannunta kamar amsar tana rubuce a ciki.

"Wagga ta hi ƙarhina," in ji ta. "Ban sani ba. Amma in munka kore shi, jikokin nan wa za su gani shina salla? Kai na so su gani."

Ni ma har yau ban iya raba wannan gardamar ba. A jami'a an sha tayar da ita a aji da ɗakin kwana. Wasu su ce ga ƙasashen da mutane suka saki addini kuma ba a ƙarya, ba a cin amana, titi tsaf. Wasu su ce je ki ga tsofaffinsu suna mutuwa su kaɗai a ɗaki. Kowa yana magana a kan mutanen da bai taɓa cin tuwo da su ba. Ni gida ɗaya na sani. Na san ya tsaya, na san akwai rigar da ke rataye a ƙofarsa, kuma na san tambayar babana tana nan ba a amsa ta ba. Abin da Kaka ta koya mini shi ne ana iya riƙe tambaya a hannu ɗaya a riƙe ɗan uwa a ɗayan.

Shi ya sa ranar rasuwarta, da na ji an ce uwar da ke kare shi ta kwanta, na tsorata. Na girma, riƙo ya ƙare, wadda ta ƙulla igiyar ta tafi. Me zai hana a koma gidan jiya?

Baffa ya shigo ya durƙusa a ƙofar ɗakinta, yana kuka. Mata ba ma zuwa maƙabarta, don haka sauran labarin daga bakin babban wana na ji shi, kuma na sa ya maimaita mini har ya gaji. Ya ce da aka tsayar da sahu a ƙofar gida, Baffa ya tsaya daga can ƙarshe, jikin bango, ba a cikin sahu ba kuma bai yi nisa ba. Mutane suna satar kallonsa. Da aka ɗauki makara shi ya fara sa kafaɗa, kuma bai yarda an karɓe shi ba har aka isa. A bakin kabari babana ya sauka. Aka ce wani ya sauka ya taya shi. Wani dattijo daga dangi ya matso yana naɗe hannun riga, yana ba Baffa baya. Sai babana ya ɗaga hannu daga cikin ramin.

"A'a, Baba, ka yi haƙuri. Ƙanena." Ya ɗaga murya yadda kowa zai ji. "Zaka, ɗan Inna. Kama mani kanta."

Baffa ya sauka. Su biyu suka kwantar da ita, suka jera itace, suka fito jikinsu duk ƙasa. A hanyar dawowa babana yana riƙe da hannunsa kamar lokacin makarantar allo, bai sake shi ba har cikin zaure, ya zaunar da shi a damansa wurin karɓar gaisuwa. Duk wanda ya zo sai babana ya ce, "Ga ƙanena, ku yi mai."

Da labarin ya shigo cikin gida, maƙwabciyarmu mai akuya ta miƙe ta kama hanci za ta rangaɗa guɗa, sai da aka riƙe ta. "Ku sake ni!" in ji ta. "Wallahi da ita ta, da ta yi!" Muka yi ta kuka muna dariya, ba mu san wanne ya fi yawa ba.

Ya Allah, ga baiwarka nan ta zo maka da carbinta mai man kifi. Ka yalwata mata makwanci, ka sanyaya shi kamar iskar bakin gulbi, ka haɗa ta da dukan waɗanda ta ƙi yarda a raba ta da su.

Shekaru da yawa mu duka, har babana, mun ɗauka Kaka ba ta san zurfin abin ba. Muna zaton ta ɗauke shi kasala ce ta wanda ya daɗe a waje, abin da zai wuce, shi ya sa ta yi ƙarfin halin ba da ni. Sai bayan rasuwarta da watanni, ina Goronyo muna ɓare tafarnuwa da matar Baffa, na faɗi haka. Ta ajiye wuƙa ta dube ni.

"Wa yac ce maki ba ta sani ba?"

Ta ce kafin waccan ƙaramar sallar, Baffa ya ɗauke ta suka je Wurno. Ya durƙusa gaban uwarsa ya gaya mata komai. Ya ce ba kasala ba ce, ba kuma fushi ba ne, zuciyarsa ce ta rasa yaƙini, ya nema bai samu ba, kuma ba zai shiga sahu don idon mutane ya yaudare su ya yaudare ta ba. Matar Baffa ta ce tana tsaye a bakin ƙofa, ta ga Kaka ta yi kukan da ba ta taɓa ganin ta yi ba, ko a mutuwar mijinta. Har suka tafi ba ta ce masa uffan ba. Sai ranar da ta kawo ni, bayan Baffa ya shiga da kayana, ta ja surukarta gefe ta ce mata, "Ƙarya ta hi mai sauƙi, da na yarda da ita kuma. Yaz zaɓi shi ƙona ni da gaskiya. Wanda yay yi ma uwatai haka ba shi cin amanar ɗiyar wani."

Ashe ranar da take ihu tare da ni a bakin madatsa, tana raba wa fasinja kifi, ta riga ta san komai.